Bin sawun tsohon yaƙi: shirin da ya kamata a yi kafin a je fagen fama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da masu sha'awar tarihi, musamman malamai da ɗaliban da ke shirya ziyara zuwa wuraren da aka gwabza yaƙi a zamanin da. Yawancin irin wannan ziyara salonta ɗaya ne. A sauka daga mota a gindin hasumiyar tunawa, ɗan rakiya ya zayyano sunayen jarumai da adadin waɗanda suka kwanta dama, a ɗauki hoto, a juya. Wanda ya yi haka inda yaƙin ya ƙare kawai ya gani. Dalilin da ya sa aka haɗu a wannan fili, da dalilin da ya sa wata runduna ta iso a galabaice wata kuma da sauran ƙarfinta, duk suna can baya a kan hanyar da aka biyo kwana da kwanaki. Hanyar ce abin bi, kuma bin ta yana da ƙa'ida.

Sojoji ne suka fara mayar da abin darasi. A ƙarni na 19, zamanin Moltke babba, shugaban hafsoshin sojan Furusiya (wata daula a Jamus ta da), hafsoshi kan hau dawakai su bi ƙasa suna nazarin yadda za a yi yaƙi a kanta. Sojan Amurka ya ɗauki tsarin a 1906, lokacin da ɗaliban makarantar hafsoshi ta Fort Leavenworth suka bi sawun yaƙin 1864 daga Chattanooga zuwa Atlanta. Aikin kashi uku ne: karatu kafin a tashi, tafiyar kanta, sai zaman bita bayan an dawo masauki. Farar hula ma zai iya, in dai bai tsallake kashi na farko ba, wanda shi aka fi tsallakewa.

Karatun ba na haddace labari ba ne. A nemi aƙalla bayani biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, a fifita na wanda ya halarta a kan na wanda aka ba labari. Sannan a ja layi a takarda a yi jadawali: rana, lokaci, wace runduna, ina ta kwana, ina ta isa, wa ya faɗa. Gurbin ƙarshen nan, wa ya faɗa, kada a bar shi fayau ko sau ɗaya. Da zarar an cika jadawalin saɓani zai fito fili. A yaƙin Waterloo na 18 ga Yunin 1815, inda aka ci Napoliyon na Faransa, kwamandan Ingila Wellington ya rubuta a rahotonsa cewa an fara kai hari wajen ƙarfe 10 na safe, wasu da suka halarta kuma suka ce wajen 11:30. Babu wanda ya yi ƙarya da gangan. A lokacin ba a daidaita agogo tsakanin gari da gari ba, kowa da rana yake saita nasa, kuma wanda ake harbi ba ya duba agogo. Don haka abin da aka ɗaure da fitowar rana, ko tsayuwarta, ko faɗuwarta, ya fi abin dogaro a kan wanda aka ba shi ƙarfe kaza da minti kaza. A nemi lokacin fitowar rana da faɗuwarta na wannan wuri a wannan wata, a rubuta a saman jadawalin.

Kwanan wata ma tarko ne. Yaƙin Borodino na 1812, littattafan Rasha na da suna cewa 26 ga Agusta, na Faransa suna cewa 7 ga Satumba, alhali rana ɗaya ce. Kalandar Rasha ta lokacin tana bayan ta yammacin Turai da kwana 12. Wanda ya haɗa bayanan biyu bai lura ba, sai ya ga runduna ta isa wuri kafin ta tashi. Kalandar Hijira kuwa matsalarta daban. An yi yaƙin Badar ran 17 ga Ramadan, shekara ta 2, wanda ya faɗo a watan Maris na 624. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka Ramadan yana zagaya sanyi da zafi cikin shekara 33 ko kusa da haka. Mai son ganin irin yanayin da aka yi yaƙin a cikinsa, watan Maris zai nema, ko da Ramadan na wannan shekara ya faɗo a tsakiyar zafi.

Wannan magana ta lokacin shekara ita ce ta fi kowace ɓata wa masu ziyara lissafi. A Isandlwana da ke Afirka ta Kudu, inda Zulu suka murƙushe sansanin Ingila ran 22 ga Janairun 1879, Janairu tsakiyar damina ne. Rundunar Chelmsford, kwamandan Ingila, ta ƙetare kogi a Rorke's Drift ran 11 ga wata, amma ba ta kafa sansani a Isandlwana ba sai ran 20, tazarar da ba ta wuce kilomita 16 ba, domin sai da aka gyara hanya saboda amalanken shanu da ke kafewa a taɓo. Waɗanda suka tsere daga sansanin kuma sun tarar da kogin Buffalo ya cika ya batse, da yawa a nan suka halaka. Wanda ya je a watan Yuli zai tarar da ƙasa busasshiya da ruwa ɗan kaɗan, ya dawo yana cewa an zuzuta labarin. Wani yaƙin ma yakan ratsa yanayi fiye da ɗaya. Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairun 1903, cikin hunturu. Sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Karon farko a Burmi ya zo ran 13 ga Mayu, ƙarshen bazara. Na biyu, wanda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a cikinsa, ran 27 ga Yuli, damina ta zauna. Mai bin wannan sawu cikin mako guda a watan Disamba zai fahimci kashin farko, amma koguna da ciyawa da taɓon da suka yi hukunci a kashin ƙarshe ba zai gan su ba. In tafiya biyu ba za ta yiwu ba, to a tambayi manoman wurin iyakar inda ruwa ke kaiwa da damina, a sa alama a taswira.

Taswira uku ake bukata. Ta farko mai faɗi, 1:250,000, inda santimita ɗaya yake kilomita biyu da rabi, domin a ga yaƙin gaba ɗaya a shafi guda. Ta biyu ta fagen fama, 1:25,000, inda santimita huɗu suke kilomita ɗaya, mai ɗauke da layukan da ke nuna tudu da gangara. In ba a samu ba, 1:50,000 za ta yi maleji. Ta uku tsohuwar taswira mafi kusa da zamanin yaƙin. Ga Waterloo akwai taswirar Ferraris da aka zana a shekarun 1770, tana nuna dazuzzuka da hanyoyin da yanzu babu su. A ɗora takarda mai shara-shara a kan tsohuwar, a kwafe hanyoyi da dazuzzuka da ƙauyuka, sannan a ɗora ta a kan sabuwar bayan an daidaita girmansu. Wajen daidaitawa a kama abubuwa uku da ba sa gusawa, kamar ƙololuwar dutse, tsohon wurin ibada, ko tsohuwar gadar dutse. Kada a kama hanya, don ana miƙe hanya; kada a kama bakin kogi, don kogi na sauya kwanciya. A kuma lura da ma'aunin da marubucin ya yi amfani da shi. Mil na Ingila kilomita 1.6 ne, amma mil na Jamus na da ya kai kilomita 7 da rabi, abin da Faransawa ke kira lieue kuwa kimanin kilomita 4. In aka ce zango ɗaya, tafiyar yini ake nufi, tsawonta kuma ya danganta da inda ruwa yake.

Daga nan sai lissafi, wanda shi ne zuciyar aikin, kuma bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Dakaru masu kaya suna cin kimanin kilomita 4 a awa, a yini kuma kilomita 20 zuwa 25 in hanya na da kyau. Ana iya ninka wannan na kwana ɗaya ko biyu, amma sai an bar mutane a hanya. Runduna kuma ba ta isa wuri a lokaci guda. Mutum 10,000 masu tafiya huɗu-huɗu sahu 2,500 ne; in kowane sahu ya ci mita ɗaya da rabi, jerin ya kusa kilomita 4, ban da igwa da kaya da dabbobi. Ke nan na ƙarshe zai ɗaga ƙafa ne bayan na gaba ya yi awa guda yana tafiya. In aka zo gadar da ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu a jere, lokacin ya ninka. Saboda haka duk inda littafi ya ce runduna ta iso da azahar, a tambaya: goshinta ne ya iso, ko har da ƙeyarta?

Sai ruwa. Mai tafiya cikin zafi yana bukatar lita 4 zuwa 5 a yini, doki kuwa lita 30 ko fiye. Mutum 5,000 da doki 1,000 suna neman wajen lita 55,000 kullum, abin da rijiyar ƙauye ɗaya ba za ta bayar ba. Shi ya sa runduna kan bar miƙaƙƙiyar hanya ta yi kwana ta bi gefen kogi ko jerin tafkuna, kuma shi ya sa wanda ya riga kama ruwa yakan zaɓa wa abokin gaba wurin da za a haɗu. A Badar shawarar Hubab bin Munzir (RA) a kan rijiyoyi ce. Da wannan lissafi ake gwada adadin da marubuta ke bayarwa. Herodotus, marubucin tarihi ɗan Girka, ya ce dakarun Farisa da suka nufi Girka a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun kai 1,700,000. Wani janar na Ingila, Frederick Maurice, ya auna ruwan da ke kan hanyar da suka bi, ya wallafa a 1930 cewa bai isa ya shayar da abin da ya wuce mutum 200,000 da 'yan kai ba. Filin kansa ma ma'auni ne: soja ɗaya a sahu yana cin kimanin santimita 60, don haka bataliya mai mutum 600 a sahu biyu tana cin mita 180, a sahu uku mita 120, mahayi kuma kusan mita guda. A auna faɗin filin, a raba, a ga ko adadin da aka faɗa zai shiga.

Bari mu ɗauki yaƙi ɗaya mu bi shi, kuma Waterloo ya fi sauƙin koyo domin duka cikin kwana huɗu aka yi shi, a yankin Beljiyam da bai fi kilomita 50 ba daga kudu zuwa arewa. Kuskuren da aka saba shi ne a fara daga inda aka ƙare. A fara daga Charleroi, inda Napoliyon ya ƙetare kogin Sambre ran 15 ga Yuni, da niyyar shiga tsakanin rundunar Wellington da ta Blücher na Furusiya kafin su haɗu. Yini na biyu a ba Quatre Bras da Ligny, inda aka yi karo biyu a rana ɗaya, 16 ga wata. A nan abin da ya cancanci a taka da ƙafa shi ne tazarar da ke tsakanin filayen biyu, kilomita goma da 'yan kai. A cikinta ne rundunar d'Erlon ta Faransa, mutum wajen 20,000, ta yini tana kai da kawo, wannan umarni ya kira ta Ligny, wancan ya dawo da ita Quatre Bras, har rana ta faɗi ba ta yi wani faɗan kirki a ko ɗaya ba. A takarda abin kamar wauta ne. Wanda ya taka hanyar, ya tuna tsawon jerin mutum 20,000 da lokacin da juya su zai ci, zai daina dariya.

Yini na uku a bi ja da bayan da Wellington ya yi ran 17, ta garin Genappe mai ƙuntataccen titi da 'yar gada, zuwa tudun Mont-Saint-Jean. A ranar ne aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har cikin dare. Amma hanyar da ta fi muhimmanci, wadda kuma masu ziyara suka fi mantawa da ita, ita ce ta Furusiyawa. Bayan an ci su a Ligny sun ja arewa zuwa Wavre maimakon gabas, abin da ya bar su kusa da Wellington. Ran 18 rundunar Bülow, ɗaya daga janar-janar ɗinsu, ta tashi da asuba daga gabashin Wavre, ta ratsa garin ana gobara a cikinsa, ta gangara kwarin Lasne tana jan igwa cikin taɓo, ba ta shiga faɗa ta wajen Plancenoit ba sai wajen 4:30 na yamma. Kimanin kilomita 20 ke nan cikin awa 12. Mota za ta cinye wannan cikin rabin awa ta bar mutum bai koyi komai ba. A sauka a taka gangaren Lasne da hawansa, a ji shi a gwiwa. A kuma tsaya a Walhain, inda Grouchy, kwamandan Faransa wanda aka ba mutum wajen 33,000 ya bi Furusiyawa, ya jiyo rugugin igwa daga yamma, Gérard, wani janar da ke ƙarƙashinsa, ya matsa masa a nufi wajen, shi kuma ya tsaya kan umarnin da ke hannunsa. A buɗe taswira a wurin, a lissafa awa nawa zai ɗauka ya ƙetare kogin Dyle ya isa, kafin a yanke masa hukunci. Masana har yau ba su daidaita a kansa ba, kuma mu muna ganin masu zarginsa sukan manta da taɓon.

A fagen faman kansa kada a wuce wuraren tsayawa biyar ko shida a yini, kowanne minti 30 zuwa 40. A kowane wuri tsari ɗaya ne. A fara daidaita taswira da kamfas, a nuna wa kowa arewa da abubuwa uku da ake hange. A karanta gajeren bayanin wanda ya tsaya a nan ranar. Sannan a yi tambayar da ta fi kowace amfani: me kwamandan ya sani a wannan sa'a, me yake iya gani, kuma saƙonsa zai ɗauki minti nawa ya isa? Yana da kyau tun kafin tafiya a raba wa kowa kwamanda ɗaya ya karanta, ya yi magana da bakinsa, a kuma hana shi amfani da abin da ya faru daga baya. Ayari kada ya wuce mutum 15, in ba haka ba na baya ba sa ji, sai hira ta ɓarke.

Tsayin ido yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Idon mai tafiya ƙasa yana wajen mita 1.6, na mahayi wajen mita 2.5, kuma wannan bambanci ya isa ya sa ɗaya ya hango abin da ke bayan tudu ɗayan bai gani ba. Wellington ya ɓoye yawancin mutanensa a bayan tudu ne. In mutum ya tsaya a ɓangaren Faransawa wajen La Belle Alliance ya sa abokinsa ya haura tudun ya gangara ta baya, zai ga inda kansa ke ɓacewa, alhali gangaren ba wani mai tsanani ba ne. A tuna kuma da hayaƙi. Kafin a samu albarushi marar hayaƙi a shekarun 1880, harbi kaɗan ya isa ya rufe fili, ta yadda abin da ake gani tar a yau, ranar ba a ganinsa. Amfanin gona ma haka. Hatsin da ke Quatre Bras ya kai tsayin mutum, har mahaya kan faɗo wa dakaru ba su ankara ba. Nisan makami kuwa da taki ake gane shi. Kowa ya auna mita 100 tun a gida ya ƙirga takunsa. Bindigar zamanin Napoliyon ba ta da tabbas bayan mita 100, igwa kuma tana ɓarna har kusan kilomita guda. A tsayar da mutum a mita 80 a dube shi: ana ganin fuskarsa.

An ce gani ya kori ji, amma a fagen fama gani ma yana yaudara, domin ƙasar ta sauya. Tudun Zaki na Waterloo, mai tsayin mita 40 da matakala 226, an kammala shi a 1826, kuma ƙasar da aka tara shi da ita daga tudun da Wellington ya tsare aka kwaso ta. Wato abin tunawar ya cinye abin da ake tunawa. Mai son sanin asalin tsayin ƙasar ya je dutsen tunawa da Gordon, wani hafsan Wellington, da ke kusa da mararraba, wanda ya riga tudun kafuwa. Sai an hau 'yan matakala ake isa gindinsa, kuma gindin nan shi ne tsohon doron ƙasa. Dajin Bossu da aka yi ta faɗa a cikinsa a Quatre Bras an sare shi daga baya, yanzu gona ce shimfiɗe. A Thermopylae ta Girka, mashigin da ya kasance ƙunci tsakanin dutse da teku, laka ta ture bakin tekun kilomita da dama, sai mutum ya ɗauki babban titin yanzu a matsayin kusan inda ruwa yake a da kafin labarin ya zauna masa. A Uhudu gine-ginen Madina sun kewaye filin, tudun maharba kuma ya yi ƙasa. Duk da haka wanda ya hau shi ya juya ya dubi dutsen Uhudu zai gane dalilin da ya sa Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 a nan ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair (RA), da kuma ta inda mahayan Khalid bin Walid suka zagayo da aka bar wurin.

Wani lokaci ma wurin da aka kafa allo ba shi ne wurin ba. A Ingila an daɗe ana kai mutane tudun Ambion a matsayin filin yaƙin Bosworth na 1485, har da cibiyar baƙi, sai binciken da aka yi tsakanin 2005 da 2009 ya tono harsasan dalma na igwa a wani fili mai nisan wajen kilomita 3 kudu maso yamma. A Jamus an gina wa yaƙin dajin Teutoburg hasumiya kusa da Detmold a 1875, amma kayan yaƙin Rumawa a Kalkriese aka fara gano su a ƙarshen shekarun 1980, tafiya mai nisa daga can. A Little Bighorn ta Amurka, duwatsun da aka kafa a 1890 don nuna inda sojojin kwamanda Custer suka faɗi sun fi mutanen da suka mutu a wurin yawa. Don haka a tambayi kowane allo: wa ya kafa shi, yaushe, bisa wace hujja?

Mutanen wurin suna da abin da babu a littafi, musamman sunayen kwari da tafki da tudu, da inda garma ke tono ƙarfe. Sai dai tambaya tana da ladabi da dabara. A fara gaida shugaban wurin a nemi izini. A tambayi dattawa ɗaya-ɗaya, domin in an tara su, bakin babba kowa zai bi. Kada a ce "a nan aka yi kaza, ko?", don mai kunya zai ce e. A ce "me kuka ji an yi a nan, wa ya faɗa muku?" In amsar ta koma ga wani malami da ya karanta a littafi, to littafin ne ya zagayo ya dawo, ba sabuwar hujja ba ce. A kuma bincika ko garin yana inda yake a da, domin garin da aka ci da yaƙi sau da yawa yakan tashi ya koma wani wuri da sunansa, ya bar kufai a baya.

Kayan tafiya ba su da yawa: taswirorin a buge a takarda cikin leda, kamfas, madubin hangen nesa, fensir, takalmi mai kama ƙasa, ruwa isasshe, da waya mai taswirar da aka sauke tun da sauran intanet. Kada a karanta kamfas a jikin mota ko ƙarƙashin wayar lantarki, ƙarfe na karkatar da allurar. Direba ya sauke ayari a farkon tafiyar ƙafa ya jira a ƙarshenta, a kuma yanke lokacin da in ba a iso ba zai nemo.

Akwai haɗarin da ba a wasa da shi. A filayen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa da Beljiyam, har yau manoma na tono harsasan igwa da ba su fashe ba, su jingine su a bakin gona don sojojin kwance bam su kwashe. Wasu na ɗauke da iskar guba, tsatsa kuma ƙara musu haɗari take yi. Ba a taɓawa, ba a shura, ba a ɗagawa don hoto. A saharar Masar wajen El Alamein, nakiyoyin da aka binne a 1942 suna nan da yawa, iska da ruwa kuma sun gusar da wasu daga inda aka sa su. Ba a sauka daga hanyar da aka tabbatar, ba a shiga sai da ɗan jagora mai izini. Yawancin filayen yaƙi gonakin mutane ne, a nemi izini, a bi gefe, a rufe ƙofar da aka buɗe. In sawun ya ratsa iyakar ƙasa ko yankin da babu tsaro, a tsallake wannan zango a cike shi da taswira.

Tsince-tsince kuwa a bar shi gaba ɗaya. A ƙasashe da yawa, ciki har da Faransa da filayen gwamnatin tarayyar Amurka, neman kayan tarihi da na'urar gano ƙarfe ba tare da izini ba laifi ne. Ko babu doka, ɓarna ce, domin darajar harsashi tana ga inda ya faɗi. Bayan gobarar daji ta 1983 a Little Bighorn, masu bincike sun sa wa kowane kwanson harsashi lamba a inda yake, suka gane bindigar da ta harba shi ta tabon da ta bari a gindinsa, da haka suka bi motsin mutum ɗaya-ɗaya a filin. Kwanson da ya shiga aljihun baƙo ya fita daga wannan lissafi har abada. In aka ci karo da ƙashin mutum, a bar shi yadda yake, a ɗauki lambar wurin a waya, a sanar da 'yan sanda ko hukumar da ke kula da wurin.

Kowace yamma a zauna awa guda kafin barci, jadawali da taswira a gaba. A bi abin da littafi ya ce layi-layi, a sa alama uku: ƙasa ta gaskata, ƙasa ta ƙaryata, ƙasa ta sauya har ba a iya hukunci. Kowane hoto a rubuta masa inda aka tsaya, da fuskar da aka kalla bisa kamfas, da lokaci, domin bayan mako biyu duk gonaki kama suke yi wa juna. Tafiyar ƙafa kuma a rubuta minti nawa ta ci da irin ƙasar da aka taka ranar, busasshiya ko jiƙaƙƙiya, don ayarin da zai biyo baya a wani lokacin shekara ya samu abin kwatantawa.

Mun gode da filin da aka ba mu. Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin tarihin yaƙe-yaƙe